Littafi na Bakwai na Ƙasar Halmyr

Shekara ashirin da shida muka yi muna haɗuwa a teburin kicin ɗin Evert, ranar Lahadi daga ƙarfe biyu zuwa shida, mako guda a yi, mako guda a huta. Shi ne mai jan wasa. Zai faɗa mana inda muke da abin da ya tare mana hanya, mu kuma kowa da mutumin da ya ɗauka a cikin labarin, sai ya faɗi abin da mutumin nasa zai yi, a jefa ƙwayoyi irin na ludo a ga ko ya dace ko ya sha ƙasa. Mutane sun shigo sun fita a teburin nan, aure ya ɗauke wasu, aiki ya ɗauke wasu, amma mu uku ba mu motsa ba: Evert da ke tuƙa bas a cikin garin Gävle, Botvid da ke aiki a masana'antar takarda, sai ni, Hillevi, mai sayar da magani a kemis.

Ƙasar da muke wasa a cikinta sunanta Halmyr. Babu ita a ko'ina sai a cikin wasu 'yan littattafai da wani ƙaramin kamfani ya buga a Örebro tun muna da ƙuruciya. Ƙasa ce ta fadama da hazo, garuruwanta a kan turaku suke, mutanenta ba sa binne mamaci, sai dai su kwantar da shi a kwalekwale su tura shi arewa. An raba ta lardi bakwai, kowane lardi da littafinsa mai shafi arba'in da 'yan kai, da taswira a naɗe a tsakiya. Shida suka fito. A bayan na shidan an rubuta cewa na bakwai, na lardin arewa inda kwalekwalen matattu ke zuwa, yana tafe a watan Satumba na 1989. Kafin Satumba kamfanin ya durƙushe.

Daga nan littattafan suka watse. Tun farko ba a buga su da yawa ba, kuma yara ne suka saya, suka ɓata su da man shanu da biro, iyaye suka zubar da su ranar da yaran suka bar gida. Shekara goma sha ɗaya Evert ya yi kafin ya haɗa shidan. Babu kasuwar gwanjo tsakanin Uppsala da Sundsvall da ba a san shi ba; masu tebura kan hango shi daga nesa su ce masa babu tun bai tambaya ba. Na huɗu sai da ya sayi guda uku kafin ya tayar da ɗaya cikakke, don ɓera ya ci taswirar na farko, na biyu babu shafukan tsakiya, na uku kuma an bi kowane sarki an yi masa gashin baki da jan biro. Na biyar a Haparanda ya samo shi bayan tuƙin awa goma, a hannun wani mutum da gidansa ya taɓa yin gobara, kuma har ranar ƙarshe da na riƙe littafin nan ƙaurin hayaƙi yake yi. Bai tsaya a littattafan ba. Tallace-tallacen da aka yi musu a tsofaffin mujallu, wasiƙun masu karatu, har wani ɗan bajo na roba na maƙalawa a riga da kamfanin ya taɓa rabawa, duk ya adana. Matarsa Majvor takan ce ta auri mutum mai ƙasa guda sukutum, amma ko dankali ɗaya ba ta taɓa ci daga cikinta ba.

Tara kayan shi ne ƙaramin aikin. Dokokin wasan na asali sun tsufa, kuma tun suna sababbi ma ba daɗi gare su ba: faɗan mutum biyu da wuƙa sai ya cinye awa guda ana duba jadawali. Evert ya zauna ya kwashe ƙasar gaba ɗaya, kowane dodo, kowane maye, kowace cuta ta fadama, ya ɗora su a kan wasu dokoki masu sauƙi. Ga kuma saɓani. Littafi na biyu ya ce sarauniyar Halmyr ba ta taɓa haihuwa ba, na biyar ya ce ɗanta ne ke riƙe da tashar jiragen gishiri. Wani zai ce kuskure ne ya wuce. Evert ya yi wata biyu yana juya abin a ransa yana zagaya gari da bas, har ya gano cewa a ɓoye ta haihu ta ba masu kwalekwale jaririn. Haka yake faɗa kullum, wai ya gano, kamar da ma abin yana can kwance yana jiran sa.

Ranar da muka kai ƙarshen taswirar littafi na shida, mutanenmu suna tsaye a bakin ruwa babu komai a gabansu sai farar takarda, Botvid ya tura burodin kirfa a baki ya ce ai sai a ci gaba. Evert ya ce a ba shi wata guda. Shekara tara ya yi yana rubuta lardin arewa, mu kuma muna shiga duk inda ya gama, kamar masu tarewa a gida ana kan gininsa. Da hannu ya rubuta, da alƙalamin tawada, ya cika fayil huɗu masu shuɗin bango. A can matuƙiyar kwalekwalena, Ulva, ta nutse bayan shekara goma sha bakwai ina wasa da ita, sai ya sa wa wurin suna Mashigin Ulva. A can ɓarawon da Botvid ke wasa da shi ya tuba ya buɗe gidan giya, da karensa mai ido ɗaya.

A cikin shekarun nan ne Majvor ta rasu. Ciwon ya ja lokaci, kuma a watanninta na ƙarshe saƙa kawai take iyawa, safar hannu, amma sai ta gama ta hagu ta manta ta yi, ta sake ɗora wata ta hagun. Guda goma sha huɗu ta bari. Muka huta wata uku. Da muka dawo, Evert ya kai mu wani gari a can ƙuryar arewa, inda kwalekwalen matattu ke tsayawa. A bakin tashar akwai wata mata zaune tana saƙa, duk mamacin da ya sauka sai ta miƙa masa safar hannu ta hagu, ta ce ta daman tana wurin wanda ya baro a gida. Da muryarsa ta kullum ya karanta mana. Babu wanda ya taɓa ƙwaya. Botvid ya tashi ya ce zai duba motarsa, ya daɗe bai dawo ba.

'Yar Evert, Tyra, ta buɗe masa wani ɗan shafi a intanet. Dokokin da ya gyara kawai ya sa a ciki, da jerin kurakuran littattafan shida da yadda ya ɗinke su. Lardin arewa kuwa ya ce bai gama ba tukuna, ba zai nuna wa duniya gida babu rufi ba. Masu leƙa shafin ba su wuce arba'in ba, amma ya san sunan kowannensu.

Ni na gano Sixten Valbrandt, kuma wannan ba zan taɓa iya ɗora wa wani ba. Sunansa ne a bangon littattafan shida, amma duk mun ɗauka ya mutu. 'Yar ƙanwar mahaifiyata ce, da ke zaune a wani ƙauye kusa da Rättvik, ta ba ni labarin maƙwabcinta, wani tsohon malamin lissafi da ke cewa ya taɓa rubuta littattafan wasa. Da ta faɗi sunan sai da na ajiye kofin da ke hannuna. Evert ya yi mako uku yana cewa bai kamata a dami tsoho ba. Ni na rubuta wasiƙar, ni na sa ranar.

Muka je a watan Yuni da motar Evert. Dogon mutum ne Sixten, shekararsa saba'in da takwas, ga fara'a. Ya kai mu lambunsa a bakin tafki, ya kawo kofi da biskit, ya ce shekara talatin ke nan rabon da wani ya ambaci Halmyr a gabansa. Rabin abin da ya rubuta ma ya manta. Ya kira sarauniyar da sunan da ba nata ba, Evert ya gyara masa cikin jin nauyi, kansa a ƙasa. Sixten ya yi dariya ya ce ashe shi ne baƙo, Evert ne ɗan ƙasa.

Sai can Evert ya yi tambayar da ta kawo shi, ko akwai littafi na bakwai, ko da daftari ne. Sixten ya girgiza kai. Ya ce rabin shafi ya taɓa rubutawa a bayan ambulan, shi ma ya ɓata a wata ƙaura, kuma ko a lokacin bai san me zai sa a arewar ba. Na kalli Evert. Ya gyaɗa kai yana murmushi, amma kunnuwansa sun yi ja.

Tausayinsa ne ya kama ni. Na san fayilolin suna cikin but ɗin mota a naɗe da bargo, don na ga lokacin da ya saka su, na kuma san ba shi da niyyar fito da su. Na tashi na ɗauko su na dire a kan teburin lambu.

Sixten ya yi kusan awa guda yana karatu, kofinsa ya huce bai sani ba. Da ya ɗago sai ya tambayi wa ya taya shi. Evert ya ce babu kowa sai ni da wani fitinanne da ke masana'antar takarda. Tsohon ya kalli tafki, sannan ya ce idonsa ya yi rauni, karatu a hankali yake yi, ko za a bar masa su zuwa ƙarshen hutun zafi.

Evert ya ɗora hannu a kan fayil ɗin da ke sama.

"Ba ni da wani kwafin," ya ce. "Su ke nan."

Na taka masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur. "Haba Evert. Mai ƙasar ne fa ke roƙon ka."

Ya janye hannunsa. A hanyar dawowa, da muka wuce Falun sai ya fara waƙa, shi da ban taɓa jin ya rera ko ta ranar haihuwa ba.

A watan Satumba fayilolin suka dawo ta gidan waya, cikakku, babu ko lanƙwasa, da ɗan kati a ciki mai cewa ya faranta wa tsoho rai. Evert ya manna katin a jikin firji. Muka ci gaba da wasanmu.

Bayan shekara guda da rabi Botvid ya shigo wata Lahadi yana ɗaga waya tun daga ƙofa. Wani kamfani a Stockholm ya sayi haƙƙin Halmyr, za su sake buga littattafan shida da launi, har da na bakwai da ya ɓata, wanda wai aka tsinta a cikin wata tsohuwar jaka a saman rufin gidan marubucin. Sun sa shafi biyu don a gani. A tsakiyar taswirar, da kyakkyawan rubutu, ga Mashigin Ulva.

Abin da har yanzu ke ci mini rai shi ne murnar da Evert ya fara yi. Ya ce maganar jaka ai talla ce, sunansa na nan zuwa a shafin ciki, wataƙila tsohon so yake ya ba shi mamaki. Ya rubuta wa Sixten, shiru. Ya buga waya sau uku, ba a ɗauka ba. Sai ya rubuta wa kamfanin doguwar wasiƙa mai ladabi, har yana ba su shawara a kan yadda ake furta sunayen garuruwa.

Lauyansu ne ya amsa. Ya ce marubucin ya tabbatar musu a rubuce cewa littafi na bakwai nasa ne. Ya ce kuma duk abin da aka gina a kan Halmyr ba tare da izini ba saɓa doka ne, don haka an ba Evert kwana goma sha huɗu ya rufe shafinsa na intanet. A kwana na goma sha uku ya rufe.

Ni na matsa masa ya yi magana a dandalin 'yan wasa, inda mutanenmu ke taruwa a intanet. Ya rubuta abin da ya faru a taƙaice, ya sa hoton shafi uku na rubutun hannunsa. Kafin kwana biyu an gama masa shari'a. Suka ce ai ga shi da bakinsa ya yarda ya je gidan tsohon, to a can ya ga daftarin ya kwafa. Wani ya ce rubutun hannu ba shi da ranar haihuwa, kowa na iya zama ya yi shi jiya. Wani ya ce abin kunya ne direban bas ya nemi suna a kan dattijon da ƙafarsa ɗaya ke kabari. A cikin mutum arba'in ɗin da ya san sunayensu, biyu ne kawai suka tanka. Da na rubuta cewa ni ce Ulva, sai aka ce budurwarsa ce ni. Wata ƙawar Tyra da ta karanta doka ta duba takardun, ta ce wataƙila yana da gaskiya a wani sashe, amma shari'ar za ta ci shekaru, kuma abu na farko da za a tambaye shi shi ne wa ya ba shi izinin taɓa ƙasar tun farko. Evert ya yi mata godiya ya raka ta ƙofa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk da haka mun ci gaba da haɗuwa, ko da yake wasan ya koma kamar abinci babu gishiri. Har wata Lahadi a watan Fabrairu, Botvid ya shigo yana kaɗe ƙanƙara daga takalmansa, ya zaro littafin daga cikin leda ya ajiye kusa da faranti. Kauri gare shi, bangonsa na sheƙi.

"Duba shafi na casa'in, tsoho," ya ce. "Ga gidan giyata nan da launi, har da karen. Idon dama suka cire masa maimakon na hagu, amma na yafe musu."

Evert bai taɓa littafin ba. "Ka saya ke nan."

"Na saya mana. In ban saya ba, sunanka zai tsiro a ciki ne? Shekara tara kana rubuta wa mutum biyu, ni da wannan mai sayar da maganin tari. Yanzu mutum dubu shida ke karantawa. Da ni ne, murna zan yi."

"Da kai ne, ai da ba a sami abin sata ba."

Botvid ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ya ce a daina yi kamar an yi wa waliyyi fashi, shi ma Evert ai a gonar wani ya yi shuka, kuma mai gona ya zo ya girbe, me ya yi zafi.

Evert ya tashi a hankali. Ya tattara ƙwayoyin Botvid ya zuba a gwangwaninsu, ya buɗe kabad ya ɗauko kofin da Botvid ya yi shekara ashirin da shida yana sha da shi, ya haɗa duka ya miƙa masa. Botvid ya kalle ni yana jiran in sa baki. Ban sa ba. Ya ɗauki littafinsa ya fita. Na ji labari yanzu shi ke jan wasan Halmyr ranar Laraba a wani kantin wasanni da ke tsakiyar gari, teburinsa cike da matasa, kuma wai yakan ce musu ɓarawon da ke shafi na casa'in shi ne, su yi ta dariya suna ɗauka wasa yake yi.

Mutum biyu ba sa yin tebur. Lahadin da ta biyo baya na je, muka sha kofi, muka yi hirar farashin wutar lantarki, na dawo gida ƙarfe uku.

Da Ista ta zo na hau jirgin ƙasa zuwa Göteborg, wurin taron 'yan wasa na shekara, don na ga an sanar cewa Sixten zai yi jawabi. Ban gaya wa Evert ba. A cikin jirgi na rubuta abin da zan faɗa a bayan tikiti, na haddace shi.

A wata makaranta ake taron. Zauren ya cika, har da masu zama a ƙasa. Sixten na kan dandamali cikin sabuwar kwat, wata matashiya daga kamfanin na gefensa tana miƙa masa ruwa. Ya ba da labarin jakar, yadda ya hau tsani neman fitilun Kirsimeti ya ci karo da ita, ƙura ta rufe ta. Aka yi dariya a inda ya kamata. Da aka zo tambayoyi, wata mata ta miƙe daga baya. Ta ce mahaifinta ya rasu a watan Janairu, kuma labarin matar nan mai saƙa safar hannu ta hagu shi ta karanta a wurin jana'izarsa. Tana so ta san daga ina ya samo ta.

Sixten ya cire tabarau ya goge. Ya ce mahaifiyarsa ce. Ya ce bayan ta sami shanyewar ɓarin jiki, ta hagu kawai take saƙawa, kuma har yanzu yana da su a aljihun tebur. Ya yi shiru daidai gwargwado. Zauren ya ɗauki tafi, mutane suka miƙe tsaye.

Ni ina zaune. Tikitin na hannuna, makirfon ya wuce ta gabana sau biyu, ban ɗaga hannu ba. Ban san dalili ba. Ko tsoron mutum ɗari huɗu ne, ko kuma matar nan ce da ke share hawaye, ban so in ƙwace mata abin da ta karanta wa mahaifinta ba. Na dai zauna har aka watse.

Na bi layin masu neman sa hannu, ni kaɗai ce babu littafi. Da na iso gabansa ya gane ni nan take.

"Hillevi mai kwalekwale," ya ce. "Yaya direbanmu?"

Na ce masa sunanta Majvor, ba mahaifiyarsa ba ce, kuma safar hannun guda goma sha huɗu ce, suna Gävle.

Murmushin bai bar fuskarsa ba, muryar ce kawai ya rage. Ya ce littafi shida ya rubuta a hunturu uku, babu wanda ya taɓa aiko masa ko da kati. Ya yi shekara talatin yana koya wa yara lissafi suna jifan sa da takarda, mu kuma muna can muna cin burodin kirfa a cikin ƙasarsa, mun haifa wa sarauniyarsa ɗan ɓoye, mun canza masa dokoki, wa ya taɓa tambayar sa?

"Da na karanta fayilolin nan, muryata na ji," ya ce. "A wurina ya koyi rubutu, har inda nake ajiye waƙafi. In ɗa ya yi kama da ubansa, wa ya yi wa wani sata? Kuma uwata ta yi saƙa, yarinya. Duk iyayen zamaninmu sun yi saƙa."

Shekarata hamsin da tara a lokacin. Ya jawo littafi ɗaya daga tarin da ke gefensa, ya buɗe, ya tambaye ni ko in kai wa Evert, zai sa masa hannu kyauta. Matashiyar kamfanin ta taɓa mini kafaɗa ta ce layi ya yi tsawo. Na fita.

Washegari na je gidan Evert, na tarar yana dasa tumatir a tukwane a bakin taga. Ban kai ga ba shi labari ba ya ce ya sani, an sa bidiyon jawabin a intanet, ya kalla sau biyu, har ya hango ni a layi na biyar. Na jira ya tambaye ni me ya hana ni tashi. Bai tambaya ba.

"Tsohon ya iya ba da labari," ya ce, yana danna ƙasa da babban yatsa. "Da ni aka ba makirfon, da na kasa."

Na ji haushinsa ranar nan kamar in mare shi. Na so ya zage ni, ya ce ni na ɗauko fayilolin daga mota, ni na taka masa ƙafa. Sai kawai ya tambaye ni ko na ci wani abu a jirgi.

A watan Yuni ya yi ritaya. Ya sayar da gidan ya koma Luleå kusa da Tyra, a wani gida mai ɗaki biyu a hawa na uku. Ya ce can babu wurin ajiya, ya kawo mini kwali biyar ya ce in riƙe masa zuwa wani lokaci. Littattafan shida, mujallu, taswirori, fayiloli huɗu, duka. Ni ma gidana ƙarami ne, sai na kai su ɗakin ajiyata da ke ƙarƙashin bene, na jera su a ƙasa, da niyyar in sayo katako in ɗora su a kai. Ban sayo ba.

A watan Agusta aka kwana ana ruwa irin wanda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Da safe na sauka, ruwa ya kai mini gwiwa. Kwalayen sun buɗe baki. Littattafan sun manne sun zama dunƙule guda, in ka ja shafi sai ya biyo hannunka kamar ƙullu. Fayilolin kuwa tawadar ta narke, shafi bayan shafi sun koma shuɗi fes, babu kalma ɗaya da za a iya karantawa. Na kwashe su zuwa sama, na shanya a baranda kwana uku, kamar hakan zai yi wani amfani.

A rana ta huɗu na kira shi. Na faɗa masa komai a jere ba tare da na tsaya ba, har da maganar katakon da ban sayo ba. Ina jin rediyo na magana a bayansa. Sannan ya tambaye ni ko ruwan ya taɓa mini kaya masu muhimmanci. Na ce injin ɗinki na mahaifiyata, amma zai gyaru.

"To madalla," ya ce. "Sauran ki kai wurin sharar takarda. Ki tuna ki cire ƙarafan fayil ɗin, ba a haɗa su da takarda."

Na cire su da filaya a kan teburin kicin ɗina. Sun yi tsatsa, sai da suka cinye mini yini guda.